Abin Da Yis Ya Koya Wa Masana

Kowa ya san yis, wanda ake sa wa ƙullun burodi don ya tashi. To, yis abu ne mai rai. Ƙwayoyi ne ƙanana, ba a ganinsu sai da madubin likita. In ƙwaya ta sami sukari da ɗumi, sai ta yi toho. Tohon ya girma ya rabu, ɗaya ta zama biyu cikin kamar sa'a 2.

Jikinmu ma da ƙwayoyi aka gina shi. Rabuwarsu ke sa yaro ya girma, miki ya warke. In suka yi ta rabuwa ba tsayawa, shi ne ciwon daji.

Kowace ƙwaya tana da umarnin da ta gada, mai gaya mata lokacin rabuwa. Leland Hartwell na Amurka da Paul Nurse na Ingila sun bincike shi a jikin yis. A 1987 Nurse ya sa na mutum cikin yis, ya yi aiki daidai. Wannan ya taimaka wajen gane ciwon daji.

Jama'a, wanda ya ga ƙari yana girma a jikinsa, ya je asibiti da wuri.