Kalmomin Tasha da Koyon Turanci: Misali Daga Dirin Daji

Dirin Daji gari ne a Ƙaramar Hukumar Sakaba, cikin Masarautar Zuru, a kan hanyar da ta tashi daga Zuru ta nufi Rijau da Kwantagora. Yaron da ya tashi a wannan yanki sau da yawa yakan shiga makaranta da harshe biyu a bakinsa, watau na gida, kamar C'lela da Hausawa ke kira Dakarci, ko Kambarci, ko Fulatanci, da kuma Hausa wadda ita ce harshen kasuwa. Turanci shi ne na uku. Abin da ba kasafai ake lura da shi ba shi ne, tun kafin ya buɗe littafi yaron nan ya riga ya mallaki kalmomin Turanci masu dama, sai dai sun zo masa ne sanye da rigar Hausa, kuma mafi yawansu a bakin tasha ya tsince su.

Dalilin haka a tarihi yake. Hausa tana da wadatar kalmomin tafiya tun zamanin fatauci zuwa Gwanja: ayari, madugu, zango, guzuri, masauki, tsaraba. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, motoci kuma suka biyo baya, sai aka sami abubuwan da babu sunansu. Wasu aka yi musu suna da kayan gida. Jirgi, wanda da can na ruwa ne kaɗai, ya haifi jirgin ƙasa da jirgin sama, yaron da ke bin babbar mota kuwa ya zama karen mota. Sauran aka are su ɗungurungum. A ƙasar Zuru akwai ƙarin wata ƙofa, domin mutanenta sun shahara da aikin soja tun zamanin Turawa, sojan da ya gama aiki kuwa da kalmomin bariki yake komowa gida. Kirk-Greene ya tattauna irin waɗannan sababbin kalmomi tun 1963.

Aron nan ba da ka aka yi shi ba, yana da ƙa'ida, kuma ita ce ya kamata malami ya riƙe. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere. Saboda haka ko dai ta cusa wasali tsakani, yadda driver ta zama direba, brake ta zama birki, steering ta zama sitiyari, ko kuma ta zubar da baƙi ɗaya, yadda station ta zama tasha, street ta zama titi. Sautin p yakan koma f, shi ya ba da fasinja da fetur da fasfo. Sautin v yakan koma b, kamar a biza da ribas. Kalmar da ta ƙare da baƙi sau da yawa akan liƙa mata wasali: lodi, tikiti, gareji. Ana iya lura kuma cewa babu r a ƙarshen mota da direba da fasinja, abin da ke nuna daga bakin mutanen Ingila aka ji su, waɗanda ba su furta wannan sauti a ƙarshen kalma, ba daga rubutu aka kwaso su ba.

Bayan sauti sai nahawu. Mota da tasha da taya duk sun zama mata saboda sun ƙare da a, kuma sun ɗauki jam'i irin na Hausa: motoci, tashoshi, tayoyi. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne mechanic. Kunnen Bahaushe ya ji farkon kalmar kamar ba ɗin da ke cikin Bakano da Bakatsine, sai ta zama bakanike, jam'inta kuwa kanikawa, tamkar wata ƙabila ce mai garinta. Kalmar da ta kai wannan matsayi ta gama zama 'yar gida.

To, a nan ne amfani da haɗari suka haɗu. Malamin da ke koyar da darasin tafiye-tafiye a aji huɗu yana iya farawa da abin da yara suka sani. In ya rubuta direba a allo, ya rubuta asalinta a gefe, ya sa su gano da kansu inda wasali ya shiga da inda v ta juye, to ya ba su mabuɗin da zai yi musu aiki a wasu kalmomi da yawa, har waɗanda ba su shafi mota ba. Amma in ya bar su haka, al'adar nan ta cusa wasali za ta bi su cikin Turancinsu, su riƙa rubuta abin da kunnensu ya saba ji, mai duba jarrabawa kuwa ba ya yin uzuri da tarihin aro.

Haɗarin ma'ana ya fi wannan wuyar ganewa. Tasha a Hausa ta haɗe wurin tsayawar jirgi da na mota har da gidan rediyo, alhali a Turancin Nijeriya wurin hawan mota motor park ne. Kwalta ta fito daga coal tar, watau baƙin abin da ake malalawa, amma Bahaushe ya mai da ita sunan hanyar kanta, har ya ce an hau kwalta. Ɗan kamasho ya samo sunansa daga commission, ladan da yake karɓa in ya tara fasinja, amma ba haka ake kiransa da Turanci ba. Yaron da ya ɗauka kowace kalmar tasha tana da takwararta daidai wa daida zai mayar da ita inda ta fito, ya tarar ba ta shiga. Akwai ma waɗanda ba daga Turanci suke ba sam: keke da amalanke daga Yarbanci suka shigo.

Wani abin lura shi ne rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Don haka kwana ta hanya, wadda ta fito daga corner, da kwana na barci, kamanninsu ɗaya a takarda, haka nan giyar mota da giyar sha. Mai magana ba ya ruɗewa, amma mai koyon karatu a harshen da ba na gidansu ba yana iya tuntuɓe, kuma irin wannan ɗalibi ba kaɗan ba ne a azuzuwan Dirin Daji.

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana wasu daga kalmomin farko, amma tasha ba ta daina haihuwa ba: kabu-kabu, a-kori-kura, acaɓa. Da matafiyin zai wuce Sakkwato ya ƙetara zuwa Birnin Ƙonni ko Maraɗi, sai ya tarar da wannan ƙa'ida tana aiki a kan Faransanci, inda babbar mota take kamyo, makarantar boko kuma lakwal.