Koya wa Yara Tambayar "Ta Yaya Aka Sani?"

A watan Agustan 2014, lokacin da cutar Ebola ta ɓulla a Legas, wani saƙo ya karaɗe wayoyin 'yan Nijeriya cikin dare guda, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, shi ne rigakafi. Jama'a suka tashi tun kafin asuba suna dafa ruwa, har da masu digiri, kuma kafin a ankara an kwantar da mutane a asibiti, wasu ma sun rasa rayukansu. Waɗanda suka sha gishirin nan ba wawaye ba ne. Abin da ya faru shi ne babu wanda ya taɓa koya musu yadda ake auna maganar da aka faɗa a kan magani, kuma wannan gibi ne da ya kamata a cike shi tun daga firamare.

Akwai hujjar cewa hakan mai yiwuwa ne. A 2016 masu bincike daga Jami'ar Makerere ta Yuganda, tare da takwarorinsu na Norway, suka ɗauki makarantun firamare 120, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su littafi mai zane-zane da darussa tara a zango ɗaya, rabi kuma suka ci gaba da karatunsu yadda suka saba. Yara sama da 10,000 'yan aji biyar, masu shekara 10 zuwa 12, suka zauna jarrabawa iri ɗaya. Sakamakon da mujallar The Lancet ta buga a 2017 ya nuna kashi 69 cikin ɗari na waɗanda aka koyar sun ci, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 27 ne kacal. Da aka koma bayan shekara guda, an tarar tazarar tana nan.

Abin sha'awa shi ne ba a ba yaran jerin magunguna masu kyau da marasa kyau su haddace ba. Hanyar tunani aka koya musu. A cikin littafin akwai labarin shafa kashin shanu a ƙuna: wani ya shafa, ƙunar ta warke, sai aka ce kashin ne ya yi aiki. To, da bai shafa ba, ba za ta warke ba? Mura da ƙaramin rauni da ciwon kai sukan tafi da kansu, don haka duk abin da mutum ya sha kafin ya samu sauƙi shi ke kwashe yabo. Yaron da ya gane haka, in ya ji mai lasifika a tashar mota yana rantsuwa cewa kwalba ɗaya tana maganin basir da shawara da ciwon suga, yana kuma kawo shaidar wani direba da ya gwada, zai san shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba. Sai an kwatanta mutane da yawa da suka sha da irinsu da ba su sha ba. Zai kuma san cewa tsadar magani, ko sabuntarsa, ko daɗewar da aka yi ana shansa, babu ɗaya da ke tabbatar da ingancinsa.

Wasu iyaye za su ji tsoron kada wannan ya sa yara su raina manya, su riƙa yi wa maganin gargajiya kallon banza. Damuwar tana da tushe, amma ma'aunin bai ware kowa ba. Da shi ake auna sassaƙe, da shi ake auna allurar asibiti. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi dogaro da shi yau an samo shi ne daga wani ganye dangin tazargade da Sinawa suka daɗe suna amfani da shi, kuma gwaji ne ya fito da darajarsa har mai binciken da ta gano shi, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. A ɗaya gefen kuma, mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, abin da ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Al'ummar da ta iya tambayar hujja ba ta miƙa wuya ga kowane mai farar riga, ba ta kuma watsar da rigakafin da aka tabbatar saboda jita-jita.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na halin da makarantunmu ke ciki. Ajin da yara suka cika maƙil, wasunsu ba su iya karatu sosai ba, ina zai kai sabon darasi? Sannan cin jarrabawa daban, abin da mutum zai yi ran da ɗansa ke kwance da zazzaɓi daban, kuma binciken Yuganda fahimta ya fi aunawa, ba lafiyar jiki ba. Duk da haka, malaman da suka koyar a can malaman aji ne na yau da kullum, taron bita na kwana biyu kawai aka yi musu. Darussa tara za su shiga cikin darasin kimiyya da kiwon lafiya da ake da shi, muddin aka rubuta littafin da Hausa, da misalan da yaro ke gani a unguwarsu, aka kuma fara gwada shi a wasu makarantu kafin a baza shi ko'ina.