Tufafin Jinjiri: Me Ya Sa Auduga Ta Fi?

Idan aka yi haihuwa, kafin ranar suna kaya sun cika ɗaki, kuma galibi ido ne ke zaɓe: abin da ya fi ƙyalli shi ake fara sa wa yaro. To amma fatar jinjiri ba irin tamu ba ce. Ta fi ta babba rashin kauri, kuma idan aka gwada faɗinta da nauyin jikinsa, za a ga ya ninka na babban mutum fiye da sau 2. Saboda haka zafi da sanyi na saurin kama shi, haka kuma abin da ya taɓa fatar na iya ratsa ta.

Kowane silin auduga ƙwayar halitta ce guda ɗaya da ta tsiro daga bawon gurya. Wanda ya duba shi da madubin ƙara girma zai gan shi a murɗe kamar tsumagiya. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa sinadarin selulos ne, wanda ke son ruwa. Busasshiyar auduga kan riƙe laima kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinta ba tare da an ji ta jiƙe ba, alhali foliyesta, wadda daga man fetur ake samo ta, ba ta kai ko kashi 1 ba. Ma'ana, rigar auduga na tsotse zufa ta sallame ta ga iska, ita kuwa ta roba sai ta bar ta kwance a kan fata. Daga nan ƙofofin zufa su toshe, ƙuraje su feso a wuya da hammata, musamman ga yaron da ke wuni a goye. Ulu na da amfani da hunturu, amma yana ƙaiƙayi, sai a sa shi bisa rigar auduga.

Ga gwajin da ɗalibi zai iya yi a gaban malaminsa. A zare ɗan zare daga gefen yadi a kusanta shi da ashana. Auduga za ta ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu warin ƙonannen gashi yake yi. Na roba kuwa narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri.

Sayen auduga rabin aiki ne. Sabon kaya na ɗauke da sitaci da ragowar rini, don haka a wanke kafin a sa, da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye har kumfa ta ƙare. A yi shanya a kan igiya cikin rana, ba a ƙasa ba. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu, Cordylobia anthropophaga, da ke saka ƙwai a ƙasa mai yashi ko a tsumma mai warin fitsari da aka bari a inuwa. Tsutsar takan shige fata ta kumbura kamar maruru. Guga mai zafi, ciki da bai, tana kashe ƙwan.

Abin da ya fi damuna shi ne kafur, farin ƙwallon nan da iyayenmu ke jefawa cikin akwati don korar kyankyasai. Yawancinsa sinadarin naftalin ne. Jarirai da yawa a Afirka ta Yamma, musamman maza, ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, kuma ba a ganewa da ido. Idan irin wannan yaro ya shaƙi naftalin, ko ya ratsa fatarsa, jajayen ƙwayoyin jininsa sai su farfashe, ciwon shawara ya kama shi. Idan ya tsananta yakan taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar kurumta ko naƙasa, wani lokaci ma ya yi kisa. Naftalin ba ya narkewa sosai a ruwa, wanki ɗaya ba lalle ya fitar da shi ba, amma yana narkewa a mai, ga shi kuwa kullum ana shafa wa jinjiri mai bayan wanka. Kayan jariri a ware musu akwatinsu mai tsabta, busasshe, babu kafur. Idan kuwa aka ga idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya, a kai shi asibiti a ranar.