Ƙuri'ar Jin Ra'ayin Jama'a: Yaushe Za Mu Yarda Da Ita?

Duk lokacin da zaɓe ya gabato, sai rediyo da jaridu su cika da alƙaluma: wane na kan gaba da kashi kaza cikin ɗari. Wannan ita ce ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Ana tambayar mutane kaɗan, sannan a ƙiyasta abin da ƙasa duka za ta yi. Mu Hausawan Umbadda ya kamata mu san yadda take aiki, domin ranar da zaɓe ya dawo Sudan, za a yi mana sallama da ita.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mai sayen buhun dawa ba ya ƙirga ƙwayoyi, hannu yake zurawa ya ɗebo ya duba. Masana lissafi sun nuna cewa in an tambayi mutum 1,000 da aka zaɓo bisa ƙa'ida, kuskuren bai cika wuce kashi 3 sama ko ƙasa ba. Amma da sharaɗi: sai an ɗebo daga ko'ina cikin buhun. In daga baki kaɗai aka ɗiba, to mai kaya ya ci riba.

A shekarar 1936 a Amurka, mujallar Literary Digest ta tara amsoshi fiye da miliyan 2, ta ce Landon zai kada Roosevelt. George Gallup ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai in an kwatanta, ya ce Roosevelt ne, kuma haka aka yi. Mujallar ta ɗebo sunaye ne daga masu wayar tarho da masu mota, talakawa kuwa ba ta ji ta bakinsu sosai ba.

A Nijeriya ma an ga irin wannan. A watan Fabrairun 2023, binciken da NOI Polls ta yi wa gidauniyar ANAP ta wayar tarho ya ba Peter Obi kashi 21, Bola Tinubu kashi 13. Amma fiye da rabin waɗanda aka tambaya ko ba su yanke shawara ba, ko sun ƙi faɗa. Da hukumar zaɓe ta bayyana sakamako, Tinubu ne na ɗaya, Atiku na biyu, Obi na uku, kuma ko kashi 30 na masu rajista ba su fito ba. Magoya baya sun riƙe kashi 21, sun manta da masu shiru.

Akwai kuma abin da tambaya ba ta hangowa. A zaɓenmu na 1986, jam'iyyar Hasan Turabi ta sami kujeru 51, amma shi kansa ya faɗi a mazaɓar Sahafa a Khartoum, saboda sauran jam'iyyu sun haɗa kai bayan mutum guda.

To, mu a nan matsalar ta fi haka girma. Rabon Sudan da ƙidayar jama'a tun 2008, kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba miliyoyi da gidajensu. Da wane ma'auni mai bincike zai san yawan mutanen kowace unguwa? Tsohuwar da Hausa ta fi mata Larabci sauƙi, da magidancin da ke ɗari-ɗari da baƙon da ke tambayar siyasa, da wuya su shiga lissafi. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, ɗan takara ba ya tuna makarantarsa ko famfon unguwarsa.

Saboda haka in an kawo mana alƙaluma, mu tambaya: wa ya biya kuɗin binciken? Mutum nawa aka tambaya, a ina, da wane harshe? Nawa ne suka yi shiru? Kada kuma mu zauna a gida don an ce an riga an ci. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya nuna mana ranar lafiya, amin.