Hula da Ladubbanta a Ƙasar Zazzau

A Gazara da Makarfi, Ikara da Hunkuyi, kamar sauran ƙasar Hausa, namiji bai gama shiri ba sai ya ɗora hula. Saurayin da ya shiga zauren dattijo kai babu komai ya san abin da zai biyo baya. Za a amsa masa gaisuwa a taƙaice, sannan a ce, "Ɗan nan, ina ka baro hularka?" Ba neman sanin inda take ake yi ba, tuni ne ake yi masa cewa ya zo gaban manya da saura.

Dokar farko ke nan: wurin girmamawa, Bahaushe takalmi yake cirewa, hula kuwa gyara mata zama yake yi. Bature ya saba da akasin haka, yana tuɓe tasa in zai gai da babba ko zai shiga coci. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Shi ya sa mai zuwa gaishe da surukai, ko ɗaurin aure, ko ta'aziyya, ko fadar hakimi, yake barin takalminsa a bakin ƙofa, ya durƙusa da hularsa a ka.

Sai dai ba kowace hula ce ta dace da kowane wuri ba. Zanna Bukar, wadda asalinta daga Borno ne, da damanga da ƙube, su ne abokan babbar riga da kaftani ranar Juma'a, salla da biki. 'Yar farar nan marar nauyi, tashi-ka-fiye-naci, ta zaman gida ce da masallacin unguwa. Hular sanyi lokacinta hunturu, musamman ga 'yan acaɓa da masu sammakon ban ruwa a fadama. Malafa kuwa ta rana ce: manomin rake ko tumatir yana wuni da ita a gona, ya shigo kasuwar Makarfi da ita, amma in ya zo masallaci sai ya ajiye. Ita kuma hana-salla a bar ta a filin ƙwallo da wurin aiki. Wanda ya je neman aure da ita kada ya yi mamakin kallon da kawunnan yarinya za su yi masa.

Yadda ake ɗora ta ma magana ce. Dattijo yakan daidaita tasa a tsakiyar kai, ba kari mai yawa. Saurayi yakan karya ta gefe, ko ya turo ta gaban goshi har ta kusa taɓa gira. A tsakanin sa'o'i wannan gayu ne, babu laifi. A gaban mahaifi ko malami kuwa ana iya karanta shi a matsayin taƙama, don haka mai hankali yakan miƙar da ita tun daga soro.

Akwai kuma abubuwan da ba a yi. Ba a fizge wa mutum hula, ko da wasa, sai fa tsakanin abokan wasa na jini, su ma ba a cikin taro ba. Kaɓar da hular babba cin mutunci ne da kan kai ga ƙara gaban mai unguwa. Ba a jefar da ita a ƙasa ko a zauna a kanta. Kuma hula mai dauɗa takan rage darajar shadda komai tsadarta. Masu wankin hula suna nan a kowane gari, su wanke, su sa sitati, su ɗora a kan icen da aka sassaƙa daidai kai ta bushe a rana, ta dawo a tsaye.

Rawani shi ne wurin da aka fi bukatar taka tsantsan. Malami da limami da dattijo suna naɗawa, ba wanda zai hana. Amma rawani mai kunne biyu alama ce ta sarki da 'yan gidan sarauta, ba kwalliyar ango ba. Hakimai da dagatan wannan yanki a ƙarƙashin masarautar Zazzau suke, kuma naɗi ne ke tabbatar da sarautar mutum, kamar yadda tuɓe rawani ke nufin an raba shi da ita. Haka ma jar dara. Tsohuwar hula ce da aka sani tun zamanin Malam Aminu Kano da kafinsa, amma tun da 'yan Kwankwasiyya suka mai da ita tambari, mai sa ta ya san za a yi masa fassarar siyasa.

A ɓangaren addini, salla ba ta ɓaci don babu hula, ko da yake rufe kai yana cikin kamala, musamman ga liman. Alhaji mai harami ma an hana shi rufe kai gaba ɗaya. Don haka bai kamata a mai da hula ma'aunin imani ba, balle tsadarta ta zama ma'aunin mutum. Talakan da ya zo da tsohuwar hula wankakkiya ya cika ladabi tsaf.

Iyaye su ne da aikin. Maimakon a jira yaro ya girma a riƙa kushe shi a zaure, a saya masa hula tare da kayan salla tun yana ƙarami, a nuna masa wadda ake sawa a gona da wadda ake zuwa gaban surukai da ita.