Jarkar esansi da ta koma fuska

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Yelu zuwa Gaya, ko ya leƙa Kamba ranar kasuwa, ya san jarkar esansi. Ga ta nan ɗaure da roba a bayan babur, wani sa'in huɗu, wani sa'in shida, mai babur yana tsakiya kamar wanda ya hau murhu. In ta tsage a liƙe ta, in ta tsufa a yanke ta a riƙa ba tumaki ruwa. Ba mai tsayawa kallonta. To, a manyan birane akwai gidajen da ake rataye wannan jarka a jikin farin bango, a haska mata fitila, mutane su zo su tsaya gabanta tsit, wasu ma daga Turai.

Irin wannan gida shi ake kira galari, wato gidan baje kolin zane da sassaƙa na zamani. Ya bambanta da gidan tarihi. Gidan tarihi, kamar na Bubu Hama da aka buɗe a Yamai a 1959, yana ajiye kayan da: tufafin sarauta, makamai, ƙasusuwan dabbobin zamanin farko, har da busasshen icen Tenere da mota ta ture a 1973. Galari kuwa aikin masu rai yake nunawa, mutanen da ke shan rana ɗaya da mu. Abin da ke bango yau, bayan 'yan watanni an sauke shi an rataye wani, kuma a wurare da yawa na sayarwa ne.

Mai wannan aiki na jarka sunansa Romuald Hazoumè, ɗan Benin, haifaffen Porto-Novo a 1962. Ya lura da abin da dubbanmu suka gani ba su lura ba: in aka yanke saman jarka aka tsayar da shi, bakinta ya zama baki, mariƙinta ya zama hanci. Sai ya ƙara mata gashi da tsintsiya, ko igiya, ko tsohon buroshi, ga fuska ta fito. Wata tana hamma, wata kamar tana ihu. Jarkunan nasa na masu safarar man Najeriya ne, wanda a Benin ake kira kpayo. Da aikinsa Gidauniyar Zinsou ta fara baje koli lokacin da Marie-Cécile Zinsou ta buɗe ta a Kwatano a 2005, kuma shiga kyauta ne. A 2013 gidauniyar ta ƙara buɗe wani gida a Ouidah.

Babban aikinsa shi ne La Bouche du Roi, wato Bakin Sarki, sunan wurin da kogin Mono ke faɗawa teku. Jarka 304 ya jera a ƙasa, kai da kai, cikin siffar jirgin ruwan da ke kwasar bayi zuwa Amurka, kowace jarka mutum guda. Ya haɗa da sauti da ƙamshin taba da kayan yaji, da hoton bidiyo na masu babur ɗauke da mai. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya mallaki aikin, ya nuna shi a 2007, shekara 200 bayan Ingila ta haramta cinikin bayi. Bature zai karanta takardar bayani kafin ya gane abin da ake nufi. Mutumin Yelu da ya taɓa zuwa gaisuwar yaron da mai ya ƙone a hanya, shi ba ya buƙatar tafinta. Ya san yadda ake cusa jarka har ta kumbura, ya san wanda ke cin riba da wanda ke ɗaukar kasada.

Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe: yawancin fasahar zamani ta Afirka ta Yamma da kayan gidanmu ake yin ta. El Anatsui, ɗan Ghana da ya shekara da shekaru yana koyarwa a jami'ar Nsukka, murafen kwalabe yake bugewa ya ɗinke da wayar tagulla, su zama zane mai faɗin bango, yana walƙiya kamar alkyabbar sarki. Ibrahim Mahama na Tamale buhunan koko da suka gama yawo da gawayi yake harhaɗawa ya lulluɓe gini sukutum. Har yau ana ganin tambarin 'yan kasuwa da facin da aka yi musu. Ya kuma gina cibiyar fasaha a garinsu a 2019, bai bar ta ga babban birni ba.

To, yaya ake shiga? Da yawa daga cikinmu da ke zuwa Kwatano ɗauko kaya, ko Legas kai dabbobi, muna wuce irin waɗannan gidaje muna zaton na masu kuɗi ne. Gidan Nike da ke Lekki a Legas, bene ne cike da dubban ayyuka, kuma ba a biyan ko sisi a ƙofa. Ka yi sallama ka shiga da rigarka ta tafiya. Ƙa'ida ta farko, ido ke gani, hannu ya tsaya a aljihu, domin gumin yatsa na ɓata fenti. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto da salula. Kusa da kowane aiki akwai 'yar takarda mai sunan mai shi, da shekara, da kayan da aka yi amfani da su. In ba ka karanta Faransanci ko Turanci, tambayi mai tsaron wurin, aikinsa ke nan, kuma sau da yawa zaman kaɗaici ya ishe shi.

Kuskuren baƙo shi ne ya ce sai ya ga komai. Gara ka zaɓi aiki biyu ko uku ka daɗe a gabansu. Matso kusa ka ga ɗinki da tabo, ja da baya ka ga siffa. Kada ka matsa wa kanka da tambayar "hoton mene ne?" Mai kallon aska takwas a wuyan riga, ko dagi a bangon gidajen Birnin Damagaram, ko zanen ƙwaryar amarya, ba ya neman ya ga fuskar wani kafin ya yaba. Wanda ke ƙyamar surar mai rai saboda addini ma zai sami ɗakuna cike da launi da saƙa da rubutu zalla. Kuma ba dole ne komai ya burge ka ba. Akwai aikin da suna ne kawai ke sayar da shi, ni ma na sha fita ina girgiza kai.

A gida Nijar wuraren ba su da yawa, gaskiya ce. Masu zane irin su Rissa Ixa, da ke zana rayuwar Abzinawa, sun daɗe suna dogara ga zauren cibiyar al'adu da aka sani da sunan Jean Rouch a Yamai, wadda a 2024 aka sauya mata suna zuwa Mustafa Alhassan, da kuma harabar gidan tarihi inda maƙera da dukawa ke aiki a gaban jama'a. Daga Gaya tafiyar kilomita kusan 300 ce. Wanda asibiti ko neman takarda ya kai shi Yamai, yana iya ware yamma guda, ya tafi da yaro ɗaya cikin masu yawan zane a bayan littafin makaranta.