Allurar Barci ga Mai Ciwon Ajali: Jinƙai ce ko Kisa?

A Asibitin Nassarawa da ke Kano, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Muhammad Abdullahi Wase, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akan kai gaɓar da likita ya san ciwo ba na tashi ba ne: sankara ta ci jiki, raɗaɗi ya ƙi jin magani. Shin ya halatta a yi wa majinyacin allura irin su midazolam har barci ya raba shi da azaba, ko da a cikin barcin zai cika? Ina ganin ya halatta, bisa sharaɗi.

Masu ja suna cewa kisa ne aka sake wa suna. Amma a dubi Holan, inda doka ta ba likita damar ɗaukar rai tun 2002: can mutuwar ake nufi, da ita ake auna magani. A allurar barci kuwa sauƙi ake nema. Da kaɗan ake farawa, a ƙara gwargwadon raɗaɗi, a rage idan ya lafa. Faransa ma ta amince da barcin a dokarta ta 2016, ba tare da ta halatta kisan ba. Malaman fiƙihu sun san wannan bambanci, domin hukunci yana bin niyya, lalura kuma ana auna ta da gwargwadonta.

Hujjar masu ja da ta fi nauyi a Kano ita ce kalmar shahada: wa zai laƙƙana wa mai barci? Sai dai wanda azaba ta gigita shi ma ba ya cikin hayyacinsa. Mafita ita ce a nemi yardarsa tun yana gane mutane, ya bar wasiyya, ya faɗi basussukansa, ya nemi gafara, sannan a riƙa sassauta maganin lokaci zuwa lokaci idan hali ya yi.

Babban sharaɗin shi ne a gwada komai tukuna. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakan kashe raɗaɗi har zuwa mofin. Tsoron shaye-shaye, wanda ya kai ga hana maganin tari mai kodin a 2018, bai kamata ya hana mai sankara mofin ba. Leburan majema a Challawa, ko ma'aikacin masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, da aka sa barci saboda ba shi da kuɗin magani, ba ciwonsa ne ya gagara ba. Wannan barcin ba lalura ce ta kawo shi ba, don haka halaccin bai hau kansa ba.